Yini Ɗaya a Baƙon Gari: Tambayoyi da Amsoshi ga Matafiyi Mai Son Buɗe Ido

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin matafiyan da hanya ta biyo da su ta wani matsakaicin birni, suna da yini guda a hannu ko ƙasa da haka, kuma suna son su ga garin kafin su wuce gaba.

Wane irin gari ake kira matsakaicin birni?

Ga matafiyi, ma'aunin mai sauƙi ne. Gari ne mai mutane kamar 100,000 zuwa 500,000, wanda za ka iya ratsa tsakiyarsa da ƙafa cikin minti 30 ko 40. Ƙurɗuba da Granada a kudancin Sifaniya, Florence a Italiya, Bruges a Beljiyam, Bukhara a Uzbekistan, Nara a Japan, duk a wannan sahun suke.

Abin da ya sa irin waɗannan garuruwa suka dace da ziyarar yini ɗaya shi ne yawancinsu sun yi tashe tun kafin zuwan mota. Mutanen wancan zamani da ƙafa ko a bisa dabba suke zirga-zirga, don haka suka gina fada da wurin ibada da kasuwa kusa da juna. A Landan ko Alƙahira rabin ranarka a hanya za ta ƙare, a nan kuwa kana fita daga wannan gini kana hango wancan. Sai dai akwai inda suke gazawa: motocin haya ba su da yawa, wurare na saurin rufewa, jirgin ƙarshe kuma yakan tashi tun dare bai raba ba.

Yini ɗaya zai isa kuwa?

Zai isa ka ga gari, ba zai isa ka gama shi ba. Yi lissafi da gaskiya. A ce ka sauka ƙarfe 9 na safe, za ka tashi ƙarfe 7 na yamma. Awa 10 ke nan a takarda. Cire awa ɗaya na fita daga tasha da ajiye kaya da gano inda ka dosa. Cire awa ɗaya da rabi na cin abinci da shan ruwa. Cire wata awar ta ɓatan hanya da neman banɗaki da zama a huta, sannan wata ta komawa tasha da ɗaukar kaya. Abin da ya rage maka na kallo bai fi awa 5 da rabi ba. A kan wannan adadi za ka gina shirinka, ba a kan 10 ba.

To wurare nawa zan sa a gaba?

Babba guda ɗaya, ƙanana biyu, sauran lokacin kuma na yawo ne kawai. Babban shi ne wanda in ka bar garin ba ka gan shi ba za ka ji kamar ba ka zo ba. A Granada, fadar Alhambra ce, inda sarakunan Banu Nasr suka zauna har 1492. Ita da lambunanta kaɗai suna cin awa 3 ko fiye. A Ƙurɗuba, babban masallacin nan ne da Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785, wanda aka mayar coci bayan da garin ya faɗa hannun Kiristoci a 1236. A Bukhara, dandalin da hasumiyar Kalyan take tsaye tun 1127.

Ƙananan biyun su kasance kusa da babban ko a kan hanyarka ta komawa tasha, kuma su zama irin waɗanda in lokaci ya ƙure za ka sauke su ba tare da ranka ya ɓaci ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Masu jera wurare 9 ko 10 sukan dawo da waya cike da hotuna, amma ka tambaye su wane gini ne wannan, sai su yi ta laluben allo.

Kada ka raina lokacin da ka ware wa yawo. A ganina shi ne rabin amfanin ranar. Lungun da ka shiga don gudun rana, dandalin da tsofaffin unguwa ke zama da la'asar, yadda 'yan makaranta ke cika titi in an tashi, su ne ke nuna maka cewa gari ne na masu rai, ba wurin ajiye tsofaffin gine-gine ba. Wanda ya cika jadawalinsa maƙil shi ya rufe wa kansa wannan ƙofar.

Ta ina zan fara tsara ranar?

Daga ƙarshenta. Fara rubuta lokacin tashin jirginka ko motarka, ka dawo baya: yaushe ya kamata ka kasance a tasha, yaushe za ka ɗauki kaya, yaushe za ka bar tsakiyar gari. Wannan lokaci na ƙarshe ka sa wa waya ƙararrawa a kansa, kuma in ta kaɗa ka tashi, ko da kana tsakiyar kallon abin da ya burge ka.

Bayan haka ka kafa babban wurin nan a lokacin da ya fi dacewa da shi, wanda galibi da zarar an buɗe ƙofa ne, kafin motocin ayarin 'yan yawon buɗe ido su fara sauke mutane da hantsi. Sauran sai su bi. Ka tsara hanyarka ta zama zagaye mai ƙarewa kusa da tasha, wuri mafi nisa da safe, mafi kusa da yamma. Ƙafa takan gaji a daidai lokacin da agogo ya fara matsa maka, don haka kada biyun su same ka a can ƙarshen gari.

Dole sai na sayi tikiti tun kafin in iso?

Na babban wurin, e, musamman in sananne ne. Alhambra misali ce mai kyau. Tikitinta na ɗauke da sunanka, ana neman fasfo ko katin shaida a ƙofa, kuma ɓangaren fadojin Banu Nasr yana da lokacin shiga da aka rubuta maka. In lokacin ya wuce, ya wuce. A watannin cunkoso tikitin kan ƙare tun da sauran kwanaki ko makonni. Haka hawa ƙubbar babbar cocin Florence, sai da lokacin da aka ware maka. Mutum zai iya cin doguwar tafiya ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon bango.

Abu biyu za ka kiyaye. Na farko, ka saya a shafin hukumar da ke kula da wurin. Shafukan 'yan tsakiya sukan fito a saman sakamakon bincike a matsayin talla, da suna mai kama da na asali, su ɗora riba a kai. Na biyu, kada ka zaɓi lokacin da ya matse da saukarka. Ka bar tazarar aƙalla awa ɗaya da rabi, domin jirgi na iya jinkiri, kuma akwai batun kaya da za a yi maganarsa a ƙasa. Ƙananan wurare kuwa bar su sai ka isa, don kada ka ɗaure kanka da alƙawura uku a rana ɗaya.

Akwai ranar da ba ta dace da irin wannan ziyara ba?

Litinin ce ta fi yi wa mutane ba-zata. A ƙasashe da yawa ita ce ranar hutun gidajen tarihi: gidan zane-zane na Uffizi a Florence ba ya buɗewa ranar, haka ma kufan Madinatuz Zahra a wajen Ƙurɗuba. A Jamus kusan duk kantuna a rufe suke ranar Lahadi. A kudancin Sifaniya da wasu sassan Italiya ƙananan shaguna kan rufe da rana tsaka, su sake buɗewa da la'asar.

Duba kuma ko ranar ta faɗa kan hutun ƙasa ko bikin gari. A makon da ke gabanin Ista, jerin gwanon addini kan toshe titunan tsakiyar biranen Andalus, yankin kudancin Sifaniya, na tsawon sa'o'i. Abin kallo ne sosai in don shi ka zo, amma in sauri kake yi ka kama jirgi, za ka gane kurenka. Wani abin da ake mantawa: lokacin rufewa daban, lokacin daina shigar da mutane daban. Na biyun yakan riga na farkon da minti 30 zuwa awa ɗaya, kuma wurare da yawa suna gajarta lokutansu a watannin sanyi.

Ina zan ajiye kayana?

In a otal ka kwana, bar su a can. Kusan kowane otal na riƙe wa baƙo kaya bayan ya miƙa makulli. In wucewa kake, manyan tashoshin jirgin ƙasa da na bas sukan sami akwatunan ajiya masu kulle ko ofishin ajiye kaya, amma ba kowace tasha ba, don haka ka bincika tun kafin ka taso. Akwai kuma shagunan da ke karɓar ajiya ta hanyar manhaja. Ko wanne ka zaɓa, tambayar farko ita ce ƙarfe nawa suke rufewa. Fasfo, magani, kuɗi da caja kuwa ba sa shiga ajiya. Kada ka ce za ka ja akwati ka zaga gari: titunan tsofaffin garuruwa da yawa shimfiɗar duwatsu ce, kuma gidajen tarihi ba sa barin a shiga da babbar jaka.

Da ƙafa zan zaga, ko bas, ko tasi?

A tsakiyar gari, da ƙafa. Lafiyayyen mutum na cin kilomita 4 zuwa 5 a awa in tafiya kawai yake, amma mai kalle-kalle rabin haka zai ci. In taswirar waya ta ce minti 15, ka ƙaddara 25. Sa takalmin da ƙafarka ta saba da shi. Ranar yawo ba ranar gwada sabo ba ce.

Ajiye abin hawa don wurare biyu: tazarar da ke tsakanin tasha da tsohon gari in tana da nisa, da kuma hawan tudu. Hau bas zuwa sama, ka gangaro da ƙafa. A garuruwan Turai da yawa sayen tikitin bas bai wadatar ba, sai ka sa shi a na'urar da ke cikin motar ta buga masa lokaci, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci ka tara, kuma cewa kai baƙo ne ba ta fisshe ka. Ƙa'idar ta bambanta daga gari zuwa gari. A Luxembourg ma tun 2020 shiga motocin gwamnati kyauta ne. Tasi kuwa, ko dai a kunna mita ko ku yi ciniki kafin ka shiga.

In motar haya kake tuƙawa, ajiye ta a wajen tsohon gari. Biranen Italiya irin su Florence suna da yankunan da aka hana baƙin motoci shiga, kyamara ce ke ɗaukar lamba, takardar tara kuma ta biyo ka bayan watanni ta hannun kamfanin da ya ba ka motar.

Katin birni mai haɗa wurare da yawa, da bas ɗin nan mai zagaye da baƙi, suna da amfani?

Ga yini ɗaya, da wuya. Ɗauki alƙalami ka tara kuɗin shiga wurare ukun da ka zaɓa, ka kwatanta da kuɗin katin. Galibi sai ka shiga biyar ko shida kafin ya biya kansa, kuma daga nan katin ne zai riƙa jan ka maimakon kai ka ja shi. Bas ɗin kuwa ba ya iya shiga lungunan da ka zo gani. Yana da rana ga wanda tafiyar ƙafa ke wahalar da shi, ko ranar da ruwa ya ƙi tsayawa.

Ina buƙatar ɗan jagora?

Ya danganta da wurin. Ginin da ke tsaye da kyawunsa yana magana da kansa, ɗan karatu a jirgi kafin ka iso ya wadatar. Kufai kuwa, inda abin da ya rage tushen bango ne da guntayen ginshiƙai, in babu mai bayani duwatsu kawai za ka gani. Nan jagora ya cancanci kuɗinsa. Nemi mai lasisi ta ofishin baƙi na gari, wanda a ƙasashe da yawa alamarsa ƙaramin harafin i ne, kuma galibi kusa da tasha ko babban dandali yake. A can za ka sami taswirar takarda, su kuma gaya maka abin da ke rufe yau. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai zagayen ƙafa da ake tallatawa da sunan kyauta. Ba kyauta ba ne, a ƙarshe ana sa ran ka ba jagoran abin da ka ga ya dace, kuma da shi yake ci. Yakan ɗauki awa 2 zuwa 3, kusan rabin lokacin da muka lissafa a tambayar "Yini ɗaya zai isa kuwa?", don haka in ka shige shi ka ɗauke shi a matsayin ƙananan wurarenka biyu gaba ɗaya. Wanda kuwa ya tare ka a titi yana cewa wurin da za ka a rufe yake, ya san wani mafi kyau, gode masa ka je ka gani da idonka.

Me ya sa gidan tarihi ke gajiyar da ni fiye da doguwar tafiya?

Ba kai kaɗai ba ne. Tun a 1916 wani ma'aikacin gidan zane-zane na Boston a Amurka, Benjamin Ives Gilman, ya yi rubutu kan wannan gajiya, har da hotunan yadda mai kallo ke duƙawa da tsugunawa da miƙa wuya don ganin kayan da aka jera. Tafiyar hawainiya a kan dandamali mai tauri, tsayuwa, karanta ƙananan rubuce-rubuce, da tilasta wa ƙwaƙwalwa ta yaba abu na ɗari kamar yadda ta yaba na farko, duk suna taruwa.

Maganinsa shi ne ka yanke wa kanka awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Karɓi taswirar gidan a ƙofa, zaɓi ɗakuna uku ko huɗu, ka nufe su kai tsaye. Yawancin mutane a ɗakunan farko suke ƙarar da ƙarfinsu, su iso wurin abin da suka zo dominsa ido ya riga ya ƙoshi. Duk benci da ka gani, zauna. Kuma kada ka jera gidajen tarihi biyu a jere. Sa abinci ko yawo a sarari tsakaninsu.

Hawa hasumiya don ganin gari daga sama ya cancanci wahalar?

Sau ɗaya a rana, in gwiwa lafiya. Hasumiyar Bruges matakala 366 ce, ta ƙararrawa a Florence 414, ƙubbar da ke kusa da ita 463, kuma hanyoyin ƙunci ne, ba wurin juyawa in ka fasa a tsakiya. Mai ciwon zuciya ko tsoron matsatsi ya haƙura. Ka kuma tuna cewa in ka hau ginin da ya fi kowanne kyau, shi ne kaɗai ba za ka gani ba daga can. Shi ya sa nake fifita tudun da ke fuskantar gari: dandalin Michelangelo a Florence, ko dandalin San Nicolás a unguwar Albaicín, inda Alhambra ke shimfiɗe gabanka. Babu tikiti, babu layi, sai dai cunkoso gab da faɗuwar rana.

Yaya zan yi da zafi, sanyi, ko ruwan sama?

Juya jadawalin ya bi yanayi. A Ƙurɗuba zafin Yuli da Agusta kan haura digiri 40, don haka abin da ke sarari ka yi shi da sassafe, tsakar rana ka shiga inuwar gini, ka sake fitowa da yamma. A arewacin Turai matsalar haske ce: a Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4, a Yuni kuwa ana gani har kusan 10 na dare. Don ruwan sama, ka riƙe wuri guda mai rufi a zuciyarka tun kafin ka fito.

Tsayin ƙasa ma abin lura ne. Cusco ta Peru tana kusan mita 3,400 sama da teku, kuma wanda ya sauka yau ya ce zai hau tudunta da gudu, ciwon kai da haki za su zaunar da shi. Haka wanda ya tsallako bambancin agogo mai yawa: ya rage shirinsa da rabi.

Yaushe kuma a ina zan ci abinci?

Ko ka riga taro ko ka bar shi ya wuce, amma ka fara sanin lokacin cin abincin garin, domin a wasu ƙasashe madafa kan rufe tsakanin na rana da na dare. Ka yi nesa da babban dandali da titi biyu ko uku. Inda aka sa mutum a ƙofa yana kiran masu wucewa, da allon hotuna cikin harsuna shida, galibi kuɗin wurin zama kake biya. Inda ma'aikatan garin suka yi layi, nan ne. In akwai abin da ba ka ci saboda addini ko lafiya, rubuta shi da harshen garin a waya ko a takarda, ka nuna kafin ka zauna. Kuma duk inda ka ci ko ka shiga da tikiti, yi amfani da banɗakinsu kafin ka fita; na kan titi ba ko'ina ake samu ba, wasu kuma sai da tsabar kuɗi.

Mene ne ladabin shiga wuraren ibada?

Rufe kafaɗa da gwiwa, sassauta murya, ka kalli abin da masu wurin ke yi game da takalmi da rufe kai. Wurin da har yanzu ake ibada a cikinsa yakan dakatar da baƙi a lokutan ibadar, kamar tsakar ranar Juma'a a masallatai da safiyar Lahadi a coci-coci, don haka ka haɗa wannan da abin da aka faɗa kan ranakun rufewa. Wasu ƙasashen suna da tasu dokar: a Maroko yawancin masallatai ba a buɗe suke ga wanda ba Musulmi ba. Sunan gini kuma ba shi ke nuna matsayinsa na yau ba. Babban masallacin Ƙurɗuba coci ne a yanzu, kuma masu kula da shi ba sa barin a yi salla a ciki. Wanda ke buƙatar wurin yin tasa ibadar ya nemo shi a taswira tun kafin ya iso, ya sa shi cikin zagayensa.

Waya kaɗai ta ishe ni jagora?

Ta isa, har zuwa lokacin da caji ya ƙare, kuma ranar da ake kunna taswira da kyamara tun safe yakan ƙare da wuri. Sauke taswirar garin tun kana inda akwai intanet. Google Maps da Organic Maps duk suna aiki ba tare da data ba in ka yi haka. Ɗauki hoton allo na kowane tikiti. Riƙe fawa banki, kuma in jirgin sama za ka hau, a jakar hannu ake sa shi, ba a kayan da ake aunawa ba. Rubuta sunan tasharka da lokacin tashi a takarda, domin wasu garuruwan tasha biyu gare su masu suna kusan iri ɗaya. A cikin ƙananan lunguna masu dogayen bango alamar da ke nuna inda kake takan yi tsalle. Fita zuwa fili, ka tsaya, ta daidaita.

Tsabar kuɗi ko kati?

Duka biyu, a aljihu daban-daban. 'Yan canji kaɗan na ƙasar sun isa don bas, banɗaki da ƙananan masu sayarwa. In na'urar biyan kuɗi ko ta cire kuɗi ta tambaye ka ko a caje ka da kuɗin ƙasar da katinka ya fito ko da na ƙasar da kake ciki, zaɓi na inda kake. Ɗayan zaɓin yana ba na'urar damar yanka nata farashin canji, wanda kusan kullum ya fi tsada. Kada kuma ka canza da yawa don yini ɗaya, ragowar asara ce.

Yaya batun 'yan sane da 'yan damfara?

Aikinsu ɗauke hankali ne. Wani ya ɗaura maka zare a hannu ya ce kyauta, wata ta miƙo takarda ka sa hannu, wani ya nuna maka datti a riga, abokinsu kuma yana aljihunka. Wuraren da suka fi so su ne ƙofar bas lokacin turereniya, gaban masu wasa a dandali, da teburin da aka ajiye waya a kai. Jaka a gaba, aljihun baya babu komai, in za ka duba taswira ka jingina da bango. Wanda ya ce shi ɗan sanda ne yana son ganin walat ɗinka, ce masa ku je caji ofis.

Fasfo kuwa, wasu ƙasashe kamar Japan sun wajabta wa baƙo ya riƙe shi a jikinsa, don haka sa shi a aljihun ciki, hotonsa kuma ya kasance a waya da imel. A duk ƙasashen Tarayyar Turai lambar neman agajin gaggawa 112 ce.

Akwai abin da ba a ɗauka hoto?

Barikin soja, shingen bincike, 'yan sanda a bakin aiki, a wasu ƙasashen har gadoji da filayen jirgin sama. Wannan kan kai mutum ga tsarewa, ba faɗa kawai ba. Jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto yana buƙatar izini a kusan kowane tsohon gari. Mutane kuwa, nemi yardarsu, musamman yara da masu ibada.

Da yara ko tsofaffi nake tafe. Me zai canza?

Riƙe babban wurin, sauke ƙananan biyun, ka sa lambu ko bakin kogi a madadinsu. A Nara wannan ya zo da sauƙi, domin barewa na yawo sake a filin da ke kaiwa haikalin Todaiji, yara kuma ba sa gajiya da su. Tafiyar ayari da saurin mafi rauni ake auna ta. Ku tsayar da wurin haɗuwa in an rabu, kowane yaro kuma ya riƙe takarda mai lambar waya a aljihu. Mai keken guragu ko keken jariri ya tambayi ofishin baƙi hanyar da ba matakala, domin taswirar waya ba ta cika nuna su ba. Tambayi rangwamen yara, ɗalibai da tsofaffi, amma sai da katin shaida.

An ce akwai wani wuri mai kyau a wajen gari. In je?

Sai in shi ne babban wurinka. Madinatuz Zahra, birnin da Abdurrahman na Uku ya fara ginawa a 936, kilomita 8 kacal take daga Ƙurɗuba. A taswira kamar nan da can, amma jiran mota, zuwa, shiga motar da ke kai mutane kufan, zagayawa da dawowa za su cinye maka rabin yini. Haɗa ta da babban masallacin yana yiwuwa ga wanda ya iso da sassafe kuma ya yarda ba zai yi yawo ba. Ni dai da in ga biyun a guje, gara in bar ɗaya.

Jiran canjin jirgi nake na wasu sa'o'i. Zan iya fita in ga gari?

Tambayar farko ta biza ce. Fita daga filin jirgi shiga ƙasa ne, kuma izinin wucewa ba lallai ya ba ka wannan damar ba. A yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, bizar wucewa ta filin jirgi ba ta barin ka fita daga ɓangaren matafiyan ƙasa da ƙasa ko taku ɗaya. Tabbatar da matsayin fasfonka daga ofishin jakadancin ƙasar tun kafin tafiya.

In wannan ya warware, sai lissafi irin na baya: awa ɗaya na fita ta shige da fice, lokacin zuwa gari da na dawowa, da awa 2 zuwa 3 da ake so ka kasance a fili kafin tashin jirgin sama mai zuwa wata ƙasa. In jiran bai kai awa 7 ba, abin da zai rage maka bai taka kara ya karya ba. Tabbatar kuma ko kayanka sun wuce kai tsaye ko sai ka karɓa ka sake aunawa.

In na ga alamar zan makara fa?

Tsayar da komai, ka kira tasi maimakon jiran bas. Amma shirin gaskiya tun da safe ake yinsa. Kada ka dogara da jirgin ƙarshe na ranar, ɗauki wanda ke gabansa, na ƙarshen ya zama madogara. San tun farko ko tikitinka na kowane jirgi ne ko na wannan kaɗai, domin mai rahusa galibi ba ya canzuwa. In abin ya riga ya faru, je wurin masu sayar da tikiti kafin ka sayi sabo a waya, wani lokaci sukan mayar da kai na gaba da ɗan ƙari. In kuwa babu na gaba, fara ɗauko kayanka kafin ma'ajiya ta rufe, sannan ka nemi masauki kusa da tasha, ka sanar da otal ɗin da ke jiranka a garin gaba don kada su soke maka sauran kwanakin.